Shafi ɗaya ya ce 40, ɗayan ya ce 30: wanne zan yarda da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen kula da ma'aikata na wani kamfani, kuma ni aka ɗora wa haɗa allon bayanai mai shafi huɗu a manhajar Power BI: yawan ma'aikata, albashi, ƙarin girma, da waɗanda suka bar aiki. A taron da ya wuce, shafin farko ya nuna cewa mata su ne kashi 40 cikin ɗari na ma'aikata, da na juya shafin albashi sai ga kashi 30. Shugabanmu ya tambaye ni wanne ne daidai, na rasa ta cewa. Alhali duk daga tebur ɗaya suke ɗaukar bayanai. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Ina kyautata zaton duka biyun daidai ne, mutanen da suke ƙirgawa ne suka bambanta. A ce kuna da ma'aikata 200, mata 80 a ciki, kashi 40 ke nan. Idan a shafin albashi akwai filta, wato matatar bayanai, da ta cire 'yan kwantiragi 50, kuma 35 daga cikinsu mata ne, saura mata 45 cikin mutum 150. Ga 30 ɗinki nan, ba tare da kowa ya yi kuskuren lissafi ba.

A Power BI filta tana zama a mataki uku: kan jadawali guda, kan shafi guda, ko kan duk shafuka. Wadda ake dannawa a fuskar shafi kuwa, wato slicer, idan ba a ɗaure ta da sauran ba, iyakarta shafinta. Ki shiga View, ki buɗe Sync slicers. Za ki ga akwati biyu a gaban sunan kowane shafi: ɗaya na ɗaurewa, ɗaya na bayyanawa. Ki lura da na biyun sosai. Filtar da aka ɗaure amma aka ɓoye tana ci gaba da rage mutane, mai kallo bai san da ita ba, kuma ita na fi zargi duk lokacin da aka kawo mini irin wannan ƙara. Masu amfani da manhajar Tableau su nemi Apply to Worksheets, masu Excel kuma Report Connections. Aikin ɗaya ne.

Amma kada ki ce za ki ɗaure komai. Filtocinki kashi biyu ne. Akwai masu faɗin su wa ake ƙirgawa: ranar ƙidaya, nau'in aiki, reshe, sashe. Waɗannan su ne za ki ɗaure a duk shafuka, ki kuma kulle waɗanda ba kya son a taɓa. Akwai kuma abin da kike kwatantawa da shi: jinsi, shekaru, tsawon zama a aiki. Wannan wurinsa cikin jadawalin ne, maza da mata gefe da gefe. Da zarar kin mai da jinsi filta kin ɗaure, wani ya danna "mata" a shafin farko, to shafin ƙarin girma zai ce duk waɗanda aka ƙara wa girma mata ne, kashi 100. Kwatanci ya mutu.

Kwanan wata shi ma yana da nasa rikicin, kuma a nan nake so ki nutsu. Yawan ma'aikata ana ɗaukarsa ne a rana guda, misali 31 ga Disamba. Masu barin aiki kuwa tsawon lokaci ake ƙirga su, daga Janairu zuwa Disamba. Idan teburinku yana ajiye jerin ma'aikata wata-wata, kika zaɓi shekara guda cif, mutum ɗaya zai iya fitowa sau 12 in ba da lambarsa ta aiki ake ƙirgawa sau ɗaya ba. Ki ɗaure ranar ƙarshe, kowane shafi ya lissafa nasa daga gare ta. Sannan ki duba waɗanda ba a cike musu gurbin jinsi ko ranar haihuwa ba. Sau da yawa wani shafin yana saka su cikin jimla, wani yana zubar da su.

Ni abin da nake yi, a saman kowane shafi ina ajiye layi guda mai nuna jimlar mutanen da ake ƙirgawa da filtocin da ke aiki a lokacin. In jimlar ta sauya daga 200 zuwa 150 yayin juya shafi, kowa a ɗakin taro zai gani kafin a fara gardama.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba: idan aka yi ta tacewa har rukuni ya koma mutum biyu ko uku, albashin da ke fitowa na mutanen da kowa ya sani ne. Ki sa iyaka, ko 5 ko 10 gwargwadon ƙa'idar kamfaninku, duk rukunin da bai kai ba a ɓoye shi, kuma iyakar nan ta zama ɗaya a shafuka huɗun.