Shin Doki Yana Rasuwa? Da Ma'anar "Tsohon Doki Sai Mai Shi"

Wani matashi daga birnin Katsina ya aiko mini da tambaya biyu. Dokin mahaifinsa, wani kili da ya shekara 22 a turkensu, ya mutu bayan Babbar Sallah. Da ya rubuta a Facebook cewa "dokin Baba ya rasu", sai aka yi masa ca, wai dabba ba ta rasuwa. Sannan wani dattijo da ya zo gaishe su ya tarar da mahaifin zaune ya zuba wa turke ido, ya girgiza kai ya ce, "Tsohon doki sai mai shi." Yana so ya san ko ya yi kuskure, da kuma abin da dattijon ke nufi.

Ɗana, da farko ina yi muku jaje, kai da Baba. Allah ya mayar da alheri.

Masu gyaran sun yi daidai, ko da yake ba ranar gyara ba ce. "Rasu" daga "rasa" ta fito, kamar yadda "dafu" ta fito daga "dafa", "gyaru" daga "gyara". Idan aka ce mutum ya rasu, ana nufin an rasa shi ke nan, an duba babu. A ginin kalma ba abin da ya hana a faɗa wa doki, amma Bahaushe ya keɓe ta ga ɗan Adam don girmamawa, tare da 'yan'uwanta: ya cika, ya kwanta dama, ya riga mu gidan gaskiya. Dabba kuwa mutuwa take yi. Sai dai harshen bai rufe maka ƙofa ba. Ka ce "Baba ya rasa dokinsa", ko "mun yi rashin dokinmu", ba malamin da zai ɗaga maka yatsa, kuma zafin da kake son nunawa yana nan cikin maganar.

Haka gaisuwar ma. Ta'aziyya, wadda muka aro daga Larabci, ta mamaci ce, tana tafe da "Allah ya jiƙansa". Wanda gobara ta ci wa rumbu, ko ɓarawo ya shiga wa gida, ko dabbarsa ta mutu, jaje ake yi masa. Kada ka ɗauki jaje ƙaramar gaisuwa. Takawa ake yi har gida, a zauna, a jajanta.

Yanzu ga maganar dattijo, wadda ta fi daɗe mini a rai. Doki yakan kai shekara 25 zuwa 30, kuma tsufansa ba ya ɓoyuwa. Gadon baya ya lotsa, saman ido ya rafke, turamen haƙora su cinye har harawa ta riƙa zubowa daga baki a dunƙule. Dillali ba zai taya ba. Saurayi mai neman sukuwa da zamiya ranar hawa ba zai ko dube shi ba. Mai shi ne zai tashi da asuba ya jiƙa masa dusa ta yi laushi, ya sa 'yar kanwa, ya tsaya a kansa har ya cinye. Shi ya san ƙafar da ke yi masa ciwo da sanyi, ya san haniniyar yunwa daban da ta murna. Shi kaɗai ke duban wannan ramammen jiki ya hango dukushin da ya saya, da ingarman da ya ɗauke shi a hawan sallah shekara da shekaru.

Karin maganar tana da fuska biyu. Akan yi ta a kan tsohuwar mota ko keken ɗinki da ba ya tashi sai a hannun mai shi, ko a kan tsoho mai wuyar sha'ani wanda iyalinsa kaɗai suka iya da shi. A nan akwai ɗan zolaya. Ɗaya fuskar ita ce darajar abin da aka daɗe tare da shi ba ta bayyana ga baƙo. Da irin zaman da dattijon ya tarar da Baba, ba na shakka ta biyun yake nufi. Jaje ya yi, irin na manya: mu mun ga tsohon doki, kai ka san abin da ka rasa.

Kuma a Katsina kuke, inda ba a yi wa mai doki dariya don ya yi kewar dokinsa. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wasan folo, wato ƙwallon dawaki, a garin, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a kansa har ƙasashen waje. Dubi sarautunmu ma: Madawaki, Ubandawaki, Shamaki mai kula da barga. Dubi sunayen launi, kili fari, akawal baƙi, ga bidi, ga hurde, ga danda, ga gunya. Mutanen da suka zauna suka raɗa wa dabba sunaye haka, sun daɗe suna kallonta da idon so.

Ka kuma gaya mini cewa Baba ya rage cin abinci, kuma har yanzu yakan fita da asuba ya nufi barga. Hausawa na cewa sabo ake yi wa kuka. Shekara 22 ƙafarsa ta saba da wannan hanya, ba za ta manta a mako biyu ba. Kada ku yi gaggawar tuge turken ko ɗauke ragamar daga inda ya rataye ta, kada kuma ku fara yi masa maganar sabon doki. Gobe idan ya fita, ka bi shi da tabarma, ka tambaye shi a hannun wa ya sayo kilin nan, da hawan da ya fara yi a kansa.