Yadda ake fitar da taswirar koguna daga ma'aunin tudu da kwari

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun labarin ƙasa a nan Kano. Ta yaya kwamfuta take zana hanyoyin koguna alhali babu wanda ya taka wurin, kuma zan iya dogaro da wannan taswira wajen nazarin ambaliyar Jakara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Aikin ya ginu ne a kan abin da kowane manomin fadama ya sani, wato ruwa gangare yake bi. Abin da kwamfuta take buƙata shi ne tsayin kowane wuri daga saman teku, kuma mafi shaharar wannan ma'auni shi ne SRTM, wanda kumbon Amurka mai suna Endeavour ya ɗauko da na'urar rada cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000. Da farko an fitar da na Afirka da awo ɗaya ga kowane fili mai faɗin mita 90, sai a 2014 aka saki na mita 30.

Ka ɗauka an yanka ƙasa gida-gida kamar filin dara, kowane gida da lambar tsayinsa. Kowane gida yana da maƙwabta takwas, kwamfuta kuma takan tura ruwansa zuwa maƙwabcin da gangarensa ya fi tsanani, bisa dabarar da ake kira D8, wadda O'Callaghan da Mark suka wallafa a 1984. Daga nan sai ta ƙirga gidaje nawa ne suke zubo wa kowane gida ruwa. Inda adadin ya yi yawa, nan ne rafi; inda ya ninka haka sau dubbai, nan ne kogi. Idan ka sa alama a bakin dam ɗin Tiga, ka umarce ta ta bi sawun ruwan da baya, za ta shata maka iyakar duk ƙasar da take shayar da Kogin Kano har zuwa duwatsun Riruwai. Da irin wannan aka gina taswirorin kogunan duniya masu suna HydroSHEDS da MERIT Hydro, waɗanda masu lissafin ruwan manyan koguna suke ɗora ruwan sama, da abin da rana ta ƙafar, da abin da ƙasa ta tsotse a kansu, domin su san abin da zai isa ƙarshen kogi.

Kafin a kai ga haka, akwai matakin da nake so ka lura da shi sosai. Duk gidan da ya fi maƙwabtansa takwas zurfi, ruwa zai maƙale a cikinsa, don haka kwamfuta takan cike shi har sai ruwan ya sami mafita, a kan zaton cewa kuskuren awo ne. A cikin birnin Kano kuwa wannan zato yakan zama kure, domin kududdufanmu ramuka ne na gaske da kakanni suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, kuma su ne suke riƙe ruwan damina. Abin da yake damuna shi ne mutane suna cike su da shara suna gini a kai, sannan lissafin ma ya shafe su tun kafin a auna amfaninsu.

Saboda haka amsar tambayarka ta biyu ita ce, kada ka dogara da ita kaɗai. Gida ɗaya mai faɗin mita 30 zai haɗiye gidan mutum da lungunsa da kwatarsa. Rada kuma rufin gini da kan bishiya take aunawa, ba doron ƙasa ba, sannan ba ta ganin kwalbati, sai ta ɗauki titi ko gada a matsayin shinge, ta karkatar da ruwan inda ba ya bi. Ga shi kuma awon na shekarar 2000 ne, birnin ya sauya ƙwarai tun daga lokacin, har da sassan Jakara da aka ɗaure da siminti.

Inda taswirar take da ƙarfi shi ne babban yanki. Za ta nuna maka daidai yadda Challawa da Kano suke haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗejiya, da yadda tudun birni yake raba ruwa, wani ya bi Jakara zuwa dam ɗin Wasai, wani ya gangara kudu zuwa Challawa. Amma ko a nan, da zarar an shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Haɗejiya da Nguru, kuskuren awon, wanda yakan kai 'yan mitoci, ya fi gangaren kansa yawa. Kogi a can yakan rabu rassa, ciyawar kachalla ta toshe wani reshen, alhali D8 hanya ɗaya tak take ba kowane gida.

Shawarata ita ce ka yi amfani da taswirar wajen shata iyakar yankin Jakara gaba ɗaya, sannan ka zana magudanan da ka gani da idonka, ka saukar da tsayinsu a cikin ma'aunin domin ka tilasta wa ruwan bin su. Ka fita bayan ruwan sama mai ƙarfi a watan Agusta da na'urar GPS, ka rubuta wurin kowace kwalbati da kududdufi, ka kuma tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya saba tsayawa a jikin katangunsu.