Amsata kan maganar filin jirgin Dutse

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na saurari saƙonka na jiya, inda ka ce filin jirgin Dutse asarar kuɗi ne, wai tsohon gwamnan Jigawa Sule Lamido ya gina shi ne don suna. Ka yi haƙuri, ni dai ban yarda ba.

Ka tuna yadda ake yi kafin 2014? Ni na raka Inna Kano lokacin da za ta sauke farali. Kwana uku muka yi muna jiran jirgi, tsohuwa a kan tabarma, ƙafafunta duk sun kumbura. Da ƙanwarta ta tashi tafiya, daga nan Dutse ta hau, da hantsi muka kai ta, kafin magariba mun dawo gida. Wanda bai ga wancan ba, ba zai san daɗin wannan ba.

Amma wallahi inda kake da gaskiya, filin da sai lokacin aikin Hajji yake cika, sauran watanni shiru, abin damuwa ne. Kano na nan kusa, ka bi ta Kwanar Huguma da Wudil, awa biyu ba ta cika ba ka isa. Sau ɗaya na yanki tikitin Abuja daga nan, aka soke tashin, dole na nemi mota zuwa Kano. Ɗan kasuwar da aka yi wa haka sau biyu, ai ba zai sake gwadawa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka mai da filin nan tutar jam'iyya. 'Yan PDP na cewa aikin Lamido ne, Jonathan ya zo ya buɗe. 'Yan APC kuma su ce bashi aka bar musu. Badaru ya yi shekara takwas yana gwamna ya tafi, ga Namadi a kai, mu kuma muna nan muna musun nan. A 2023 ma an sa masa sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi, Allah Ya jiƙansa. To na wace jam'iyya ne kuma?

Masu cewa a mai da shi na dakon kaya, ina tare da su, amma a faɗi gaskiya. Riɗi da zoɓo ta jirgin ruwa ake fitar da su, kuɗin jirgin sama zai cinye ribar. Abin da ya dace da sama shi ne mai saurin lalacewa: nama daga dabbobin Maigatari, kifin Haɗeja, kayan lambu. Wannan kuwa sai da mayanka ta zamani, da ɗakin sanyi, da wutar da ba ta ɗaukewa.

Don haka Yaya, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a 2027, mu tambaye shi: jirgi nawa zai riƙa sauka a mako, kuma wa zai biya kuɗin wutar ɗakin sanyin? A gaida Anti da yara.