Amsa kan maganar gwiwar Umma

Assalamu alaikum. Yaya, na saurari saƙonki, wai Umma ta ce ta gaji da zuwa gashi, wato motsa ƙafar da ake sa ta a asibiti, sati biyu ba ta ga canji ba, gara a yi mata allura a huta. Bari in amsa a nan kowa ya ji.

Kin ga tun ranar da aka nuna mata hoton gwiwar aka ce guringuntsi ya cinye, ta sa wa ranta ƙafar ta gama aiki. To wanda ya shiga ɗakin gashi da wannan zuciyar, da ya ɗaga ƙafa ya ji zafi sai ya ce ai ƙashin ne ke ƙara gogewa, ya ajiye. Alhali hoto ba ya faɗin yawan ciwo. Wani hotonsa ba kyan gani amma da ƙafa yake zuwa kasuwa.

Masu ce mata "da kin fara za ki miƙe", su ma ba su taimaka ba. Gashi ba ya dawo da guringuntsi. Aikinsa ya ƙarfafa naman cinya ya rage wa gwiwa wahala, kuma sai an juri sati 6 zuwa 12 ana yi, har a gida. Na san Umma, fitilar nan mai ɗumi da tausa take so, ta kwanta a yi mata. Suna da daɗi kam, amma motsin da take gudu shi ne maganin.

Allurar kuma tana kwantar da ciwo, sai dai na 'yan makonni ne. An gwada a Amurka, sakamakon ya fito a 2020, wasu aka yi musu allura, wasu gashi. Bayan shekara, 'yan gashin sun fi samun sauƙi.

Don Allah ku daina tambayarta "kin warke?" Ku tambaye ta me take so ta iya. Idan tashi daga sallaya ne ba dafa bango, to da shi za a riƙa aunawa. Yau ki ƙirga sau nawa take tashi daga kujera cikin rabin minti, ki rubuta, bayan wata ɗaya a sake. Ɗan zafin da ya lafa kafin washegari ba komai. In gwiwar ta kumbura ko zafin ya hana ta barci, a gaya wa mai yi mata gashin ya rage. Ranar zuwanta na gaba ki raka ta, Yaya.