Izinin Aiki Ga Baƙin Haure: Tukuici Ne Ga Mai Karya Doka?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina jin wasu a Amurka sun dage sai gwamnati ta ba baƙin hauren da suka daɗe a ƙasar izinin aiki. To wanda ya bi layi, ya biya kuɗin biza, ya yi shekaru yana jira, shi ne wawa ke nan?

AMSA: Ɗan'uwa, ban ga laifinka ba, dole abin ya sosa wa mai haƙurin layi rai. Amma ni ina tare da masu wannan kira, bari ka ji dalili.

Mutanen nan sun haura miliyan 11, kuma ba zaune suke suna jiran takarda ba. Suna gonaki, suna wurin gini, suna mayanka, suna wanke-wanke a gidajen abinci. Da yawansu na biyan haraji da ITIN, wato lambar biyan haraji da hukuma ke bayarwa ko mutum ba shi da takardar zama, wasu ma ana yankar musu kuɗin fansho da ba za su taɓa ci ba. Aiki dai ana yi. Abin da rashin takarda ya haifar shi ne bulala a hannun maigida: ya riƙe albashi, ya ce je ka kai ƙara mu gani. Wa zai je? Ɗan ƙasa ma abin na shafarsa, don inda ake samun lebura mai arha da ba ya iya buɗe baki, ladan kowa sai ya karye.

Kuma ba yau farau ba. A 1986 Shugaba Reagan, ɗan Rifablikan fa, ya sa hannu a dokar da ta halasta zaman mutum kusan miliyan 2.7. A 2012 Obama ya kawo DACA, izinin aiki na shekara biyu-biyu ga waɗanda aka shigo da su suna yara.

Wadda ta fi ba ni mamaki wata tsohuwar doka ce ta rajista, tun 1929: wanda ya daɗe a ƙasar yana iya neman zaman dindindin, muddin ya shigo kafin wata rana da majalisa ke tsayarwa. Majalisa ta sha matsar da ranar gaba. Rabonta da yin haka tun 1986, lokacin da ta ajiye ta a 1 ga Janairu, 1972. Yau sai wanda ya haura shekara 50 a can zai ci moriyarta.

Shi kuwa mai layi, ba a taɓa rabonsa ba. Izinin aiki ba takardar zama ɗan ƙasa ba ce, ba ya ba mutum fasfo, ba ya ba shi ƙuri'a.