Fuska a kan lino: haske ake sassaƙawa

Tambaya: Maigida, na sassaƙa fuskar wani dattijo mai rawani a kan lino, wato shimfiɗar nan mai laushi da ake sassaƙa zane a kanta, a shafa tawada, a buga a takarda. Na bi layukan hoton ɗaya bayan ɗaya, amma da na buga sai ta fito kamar ta dodo, tsagar kuncinsa ma ta koma ɗaya gefen. A ina na kuskure?

Amsa: Yaro, maganar tsaga mai sauƙi ce. Bugu kamar madubi yake, dama kan koma hagu. Zana fuskar da fensir mai laushi a takarda marar kauri, kife ta a kan linon, ka goge bayanta da cokali, sai zanen ya hau a juye. A nan Damagaram, inda ake gane asalin mutum da tsagarsa, ba wanda zai yafe maka wannan.

Babban kuskuren shi ne bin layi. Duk inda wuƙa ta ci, fari zai fito, inda ka bari kuma shi ke ɗaukar tawada. Ke nan haske kake sassaƙawa. Zaunar da mutumin kusa da taga, haske ya zo masa ta gefe guda, don hasken tsakar rana kan mai da idanu ramuka. Kanne ido ka dube shi: goshi, doron hanci, ƙashin kunci da leɓen ƙasa su ne ke sheƙi a baƙar fata. Su kaɗai za ka buɗe sosai da wuƙa mai bakin U. Tsakanin haske da inuwa, yi siraran yanka da mai bakin V, suna lanƙwasa yadda naman fuskar ya lanƙwasa, kusa da juna a wajen haske, suna warwatsuwa yayin da ka doshi inuwa. In suka miƙe sambal, fuska ta zama allo. Nemi hoton Sharecropper, bugun lino na mai zane Elizabeth Catlett haifaffiyar Amurka, na 1952, ka ga yadda yankanta ke kewaya kunci da wuya.

Ido shi ne na ƙarshe. Kada ka fafe farinsa duka, nan dodon naka ya fito. Yanka ɗaya ko biyu a gefen da haske yake, da ɗigo ɗaya a ƙwayar, ya isa. Kada kuma ka raba haƙora ɗaya-ɗaya. Rawani kuwa buɗe shi da faɗi, ka bar baƙaƙen layuka kaɗan na naɗi.

Kaurin linon bai fi milimita 3 da ɗoriya ba, rabinsa za ka ci, kada ka kai ga algararar da ke bayansa. Da hunturu yakan ƙandare ya riƙa ɓantarewa, sai ka shanya shi a rana minti 5. Wasa wuƙarka a kan guntun fata daga wurin dukawa, kuma hannun da ke riƙe da lino ya tsaya bayan wuƙa kullum. Ledar ɗaki ta kasuwar Dole roba ce, ba lino ba. Na ainihi da man ƴaƴan linin da garin katako ake yin sa, amma ledar ta isa gwajin hannu.

Murza tawada a kan gilashi har rola ta riƙa ƴar ƙara siririya. In ta yi yawa, takan cike ƙananan yankan ido da tsaga. Buga gwaji tun aikin na rabi, domin abin da ka cire ba ya dawowa.

Launi sai nan gaba. Hanyar da Picasso, mai zane ɗan Sifen, ya shahara da ita wajen 1959 ita ce lino ɗaya: a buga launi mai haske, a ƙara sassaƙa, a ɗora mai duhu. In kana son kwafi 10, fara da takarda 15, don wasu za su goce.