Amsoshin Tambayoyinku: A Ƙara wa Tsohuwar Tocila Haske ko a Sayi Sabuwa?

Tambayoyin da suka shigo a wannan mako yawancinsu a kan tocila suke, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda hunturu ya kama, dare ya yi tsawo, wuta kuwa sai randa aka ga dama. Na zaɓo guda biyar.

Assalamu alaikum. Ni mai gadi ne a wani layin shaguna a Sabon Garin Zariya. Ina da ƙaramar tocila ta ƙarfe mai cin batir ɗaya na caji, irin dogon nan da ake cirowa daga batirin laftof. Jikinta lafiya lau, sai dai haskenta ba ya kai ƙarshen layi. Wani yaro mai gyaran waya a PZ ya ce zai sa mini ƙwai mai ƙarfi. In ba shi?

Wa'alaikumus salam, Baba. Ka ba shi, amma in ƙwai kaɗai zai canja, kuɗinka za ka zubar.

Ƙwan LED ba shi ke yanke yawan wutar da zai ci ba. Akwai ɗan fanel zagayayye a bayansa, tsakaninsa da kan batir, wanda masu gyara ke kira direba, shi ke auna masa wuta. In direbanka rabin amfiya yake saki, ko ƙwan da ya fi kowane tsada aka liƙa, rabin amfiyan nan zai samu, ƙarin hasken da za ka gani bai taka kara ya karya ba. Saboda haka ƙwai da direba tare ake canja su. Ka ce wa yaron ya kwance kan tocilar ya auna faɗinsu kafin ya sayo komai. A ƙananan tociloli masu batir 18650, wato dogon batirin nan irin naka, direba yawanci milimita 17 ne, farantin da ƙwai ke zaune a kai kuma milimita 16 ko 20. In ya sayo wanda bai shiga ba, zai fara goge gefe da fayil, daga nan ake ɓata aiki.

Akwai direba mai sauƙi wanda za ka iya gane ƙarfinsa da idonka. A jikinsa akwai 'yan ƙananan baƙaƙen abubuwa masu lamba 7135, kowane ɗaya yana sakin miliamfiya 350. In uku ne, amfiya ɗaya da ɗan ɗori ke nan. In takwas ne, amfiya 2.8. Ƙwai irin XM-L2 na kamfanin Cree an yi shi ya ɗauki har amfiya 3, kuma a nan yana ba da lumen, wato ma'aunin yawan haske, wajen 1000. SST-40 na Luminus ma sa'ansa ne.

To amma kada jin lumen 1000 ya ruɗe ka, domin nan ne zafi ke shigowa. Amfiya 3 a kan irin wannan ƙwai wat 10 ne ko kusa da haka, kuma fiye da rabinsa ba haske yake zama ba, zafi ne, a kan wuri wanda bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Dole zafin nan ya samu hanyar fita zuwa jikin tocila. Idan aka ɗaga farantin ƙwan, ka leƙa ƙarƙashinsa da kanka. In ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe, cikakke, madalla, a shafa masa ɗan man nan da masu gyaran kwamfuta ke shafawa a kan furosesa, siriri, a ɗora faranti na jan ƙarfe in an samu. In kuwa rami ne a ƙasa, farantin a gefe-gefe kawai ya dafa, kamar yadda ake yin yawancin tocilolin da ake zuƙo kansu gaba da baya, to kada a wuce amfiya ɗaya. Alamar ƙwai ya fara dahuwa ita ce farin haskensa ya koma shuɗi-shuɗi bayan ɗan lokaci da kunnawa. Tocilar da jikinta ke ɗumi a hannu ba ita ce abin tsoro ba, ita zafinta na fita. Wadda ke haske sosai jikinta kuma sanyi ƙalau, ita ce ke cin kanta ta ciki. Ka tuna kuma yanzu sanyi ake yi, abin da ya jure a Janairu ba lallai ya jure zafin Zariya na Afrilu ba.

Sai batun dare. Kai aikinka daga isha'i ne zuwa asuba. Batir mai 3000 mAh na gaskiya, wato yawan cajin da yake riƙewa, in ana jan amfiya 2.8, awa ɗaya zai yi ya kwanta. A kan miliamfiya 350 kuwa zai kai awa takwas. Don haka a nemo maka direba mai matakai, ƙarami na zagaye, babba na lokacin da ka ji motsi. Ka guji mai walƙiyar nan da sai ka bi ta kanta kafin ka kashe, ba abin da take yi sai tayar da maƙwabta.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ainihin tambayarka: kai nisa kake so, nisa kuwa ba yawan lumen ba ne kaɗai. Kwanon da ke tara haske a kan tocila shi ke jefa shi nesa, kuma ƙwai mai ƙaramar fuska ya fi taruwa wuri ɗaya. Babban ƙwai a cikin ƙaramin kwano zai haske maka ƙofar shago uku tas, ƙarshen layi kuma yana nan cikin duhu. Kafin nisan haske ya ninka sau biyu, sai ƙarfin tsakiyarsa ya ninka sau huɗu. In kan tocilarka bai fi faɗin jikinta ba, a sa mata ƙaramin ƙwai irin XP-E2 a kan amfiya ɗaya. In nisan bai ishe ka ba, tara kuɗi ka sayi mai babban kai, wannan ka bar ta ta aljihu.

Ina da tocilolin roba guda biyu irin waɗanda ake soka wa a bango. Ba su rufa shekara ba suka daina riƙe caji, haskensu ya zama ja-ja. Yara na karatun dare da su. A canja musu ƙwai? Daga wata uwa a Gyallesu.

Hajiya, ƙwansu lafiyarsa ƙalau, batirin ne ya mutu. Irin waɗannan yawanci ɗan ƙaramin batir ne na dalma da asid a ciki mai bolt 4, kuma abin da ke cajinsa kafasita ce da 'yan dayod, babu abin da ke yanke wuta in ya cika. A bar shi a soket kwana guda ya bushe, a bar shi babu caji mako biyu ya daskare. Mu kuma da ba mu san lokacin kawo wuta ba, dukan biyun muke yi masa.

Ƙwai mai ƙarfi ba na jikin roba ba ne, domin roba ba ta fitar da zafi. Gyaran da ya dace shi ne a cire tsohon batirin a sa na litiyam 18650, a haɗa shi da ɗan fanel na caji mai lamba TP4056, wanda ke yanke wuta da kansa in batir ya kai bolt 4.2. A nemi mai kariya a jiki, wanda ke hana batir zuƙewa ƙarƙaf. Daga nan da cajar waya za ki riƙa cajinta, ko da fawa banki, ko a wajen mai sola.

Sharaɗi guda ne ba na sassauci a kansa. Mai gyara ya cire tsohon tsarin cajin gaba ɗaya, har da ƙarafan da ake soka wa a bango, a gabanki. Batirin litiyam da aka haɗa da cajin da ba ya yankewa gobara ce, a ɗakin da yara ke kwana. Kafin a yi gyaran kuma, kada a kunna su suna caji, haka ƙwayayensu ke ƙonewa, kada kuma wani yaro mai ƙiriniya ya buɗe ta tana jikin bango, domin wutar gida ce kai tsaye a ciki.

Ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu? Ki tambayi kuɗin kaya da na aiki tukuna. In ya kusa kuɗin sabuwa mai batirin litiyam da cajin USB, sayi sabuwar. Amma kada ki sake sayen irin ta bango don ta fi araha, shekara mai zuwa za ki sake aiko da wannan tambaya.

Ɗalibi ne ni a Samaru. Na ga batir 18650 an rubuta 9900 mAh a jiki, ga shi da araha. Sannan ina da ƙaramar tocila mai cin batir AA ɗaya, abokina ya ce in sa mata 14500 ta ninka haske.

Ƙanena, lambar nan ƙarya ce. Manyan masu yin wannan batir, irin su Samsung da LG da Panasonic, mafi girman abin da suke fitarwa a wannan girma yana wajen 3500 mAh. Wanda ya rubuta 9900 bai ƙirƙiro sabon ilimi ba, injin buga takarda kawai gare shi. Hanya mai sauƙi ita ce nauyi: na gaskiya yana kai giram 45 zuwa 50, na jabu kana ɗagawa za ka ji shi fayau.

Na cikin tsohon batirin laftof sau da yawa sun fi waɗannan, don asalinsu na kamfani ne, sai dai sun tsufa. A gwada kowane da mita. Wanda aka tarar ya faɗi ƙasa da bolt 2.5 a ajiye shi gefe, haka wanda ke zafi lokacin caji. Ka duba rigarsa da kyau, domin duk jikin ƙarfen batirin nan ɓangare ɗaya ne na wuta, in rigar ta yage kusa da kai, tocilar ƙarfe za ta iya haɗe shi. Kada kuma ka jefa shi aljihu tare da makullai.

Shawarar abokinka kuwa, girman 14500 da AA ɗaya ne, wutarsu ce ba ɗaya ba. AA bolt 1.5 ne, 14500 in ya cika 4.2. Direban tocilar AA aikinsa ɗaga wuta ne zuwa bolt 3 da ƙwai ke bukata, ba a yi shi don ya rage ba. Wasu tociloli an yi su su karɓi duka biyun, kuma ana rubutawa a kwali. In ba a rubuta ba, haske zai ninka na ɗan lokaci, sannan ka ji ƙauri.

Sana'ata ɗinkin hannu ne na manyan riguna a cikin birni. Da daddare ina aiki da tocilar goshi, amma da safe sai in ga zaren da na ɗauka ba shi ba ne, musamman ja da ruwan ƙasa. Mai ƙarin haske zan saya?

Malam, kai kam canja ƙwai kawai ya wadatar, kuma ba mai ƙarin haske ba.

Farin LED asalinsa shuɗi ne, an shafa masa wani sinadari rawaya a sama, haɗuwarsu ke ba ido fari. Shuɗin nan shi ne aikin da ya sa aka ba Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel a 2014, kuma kamfanin Nichia na Japan ya fara sayar da farin tun 1996. Masu araha jan da ke cikin haskensu kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa jan zare da ruwan ƙasa da ruwan goro ke zama maka abu guda. Ma'aunin wannan ana rubuta shi CRI, hasken rana 100 ne, na kasuwa yawanci wajen 70. Nemi mai 90 ko sama, irin Nichia 219C ko 519A, mai lambar launin haske 4000K zuwa 5000K, ba 6500K mai shuɗin nan ba. Zai ɗan fi tsohon rauni a ido, amma aska takwas ba a filin ƙwallo ake ɗinka ta ba, tsakanin idonka da gwiwarka ne. A Zariya samun irin wannan ƙwai sai an yi oda, don haka ku haɗu ku da yawa a layinku ku sayo tare, kuɗin aikowa ya rabu.

Baba mai gadi ma zai amfana da wannan: a cikin hazo, haske mai ɗan rawaya ya fi mai shuɗi daɗin kallo.

Tocilar mahaifina ce ta ƙarfe, mai manyan batura biyu da ƙwan gilashi na da. Ba na so in yar.

Kada ki yar, 'yar'uwa, ita ce mafi sauƙin gyara. Ana sayar da ƙwan LED mai gindi irin na tsohon, a zare wancan a zura wannan, ba dalma ba komai. Ki tabbatar na bolt 3 ne, tunda batura biyu ne. In kin sa bai kama ba, kada ki ce ya mutu, LED ta fuska ɗaya yake karɓar wuta, juya baturan ki gwada. Ki kankare tsatsar sifirin da ke murfin baya da ta makunni da 'yar takardar yashi, don sau da yawa rabin hasken tsohuwar tocila a nan yake maƙalewa. In za ta daɗe a ajiye, ki cire baturan, ruwansu ne ke cinye irin waɗannan tociloli.